Wasannin Numfashi a Manhajar Hausa ta Azuzuwan Share Fagen Firamare

1.0 Gabatarwa

Bugun 2004 na Manufar Ilimi ta Ƙasa ya tanadi a koyar da yara ƙanana ta hanyar wasa, kuma da harshen uwa ko na al'ummar da suke zaune a ciki. Wannan maƙala za ta dubi yadda waɗannan tanade-tanade biyu za su taimaki malamin da ke fuskantar yaro mai kuka ko fushi ko firgita, musamman a makarantun Yankin Babban Birnin Tarayya, Abuja.

2.0 Dalilin Wasan

Yaro ɗan shekara 3 zuwa 5 yakan yi numfashi kamar sau 20 zuwa 30 a minti ɗaya, fiye da na babba. Idan ya fusata sai numfashin ya ƙara sauri, zuciya ta riƙa bugawa da ƙarfi. Bugun zuciya yana raguwa ne a lokacin fitar da iska, saboda haka tsawaita fitarwar shi ne ginshiƙin wasan. Sai dai idan aka ce wa yaro ya ja numfashi, haɗiyar iska yake yi, ya ɗage kafaɗu, kukan ya ƙaru. Abin da yake fahimta shi ne aikin da ya saba gani a gida, wanda Hausa ta riga ta yi masa suna: shinshina, hura, busa.

3.0 Misalan Wasanni

(i) Hura wuta. Yara su durƙusa kamar a gaban murhu, su shaƙi iska ta hanci, su hura a hankali. Malami ya tunatar da su cewa mai gaggawa toka yake tayarwa.

(ii) Gashin kaza. A ɗora shi a tafin hannu, yaro ya hura har ya motsa ba tare da ya faɗi ba.

(iii) Ƙanshin lemo. A shinshina ɓawon, a riƙe kaɗan, sannan a saki iska a tsanake.

4.0 Abin Lura ga Masu Tsara Manhaja

Littattafan da ake kawowa daga Ingila da Amurka sukan yi amfani da hure kyandir na bikin ranar haihuwa, abin da ba kowane yaro a ƙauyukan Abaji ko Kwali ya taɓa gani ba. Wani zai so ya musanya shi da hura koko mai zafi, amma hadisi ya hana hura iska cikin abin sha, kuma iyaye Musulmi za su ga makaranta na warware tarbiyyar gida. Haka nan a ajin da 'ya'yan Gbagyi suka fi yawa, ya dace malami ya nemi kalmomin daga harshensu.

A koyar da wasan lokacin da yara ke cikin natsuwa, domin mai kuka ba ya karɓar sabon darasi. Kada a wuce sau biyar a jere, gudun jiri. Da hunturu a yi shi cikin aji saboda ƙura, kuma kada a tilasta wa yaro mai asma.

5.0 Kammalawa

Ana ba Hukumar NERDC da ke Sheda shawarar ta sanya waɗannan wasanni cikin jagoran malami, ƙarƙashin darasin sauraro da magana, tunda yaro zai samu natsuwa kuma ya koyi aikatau uku a zama guda.