SAMANJA MAZAN FAMA: ƊAN SARKIN DA YA SA JAMA'A DARIYA DA KAKIN SOJA

Ranar 12 ga Nuwamba, 2023, Allah ya yi wa Alhaji Usman Baba Pategi rasuwa a Kaduna, yana da shekara 81. Da aka faɗi wannan suna, mutane da yawa ba su gane wanda ake nufi ba. Amma da aka ce Samanja Mazan Fama, sai kowa ya yi salati. Dattawa a ƙauye da birni suka tuna lokacin da ake zagaye akwatin rediyo, ko a cika ƙofar gidan mai talabijin, don a ji tsawar Samanja.

Yadda sunan wasa ya danne sunan yanka abu ne da ya kamata a yi bayaninsa, domin a nan ne sirrin sana'ar irin waɗannan 'yan wasa yake.

IRIN 'YAN WASAN KWAIKWAYO

A wasan kwaikwayo akwai tauraro, wanda labari yake tafiya a kansa. Yau ya fito saurayi, gobe ya fito attajiri. Akwai kuma ɗan wasan da yake ɗaukar halin wani irin mutum da kowa ya sani a gari, ya riƙe shi gam. Wani ya ƙware a fitowa mai unguwa, wani boka, wani marowaci, wani kuma mai shiga sharo ba shanu. Aikin irin wannan ɗan wasa shi ne ya lura da mutane. Yakan kula da tafiyarsu, da maganarsu, da abin da ke sa su fushi. Idan ya fito, sai mai kallo ya ce, "Wallahi akwai irin wannan a garinmu."

Usman Baba Pategi yana cikin wannan rukuni. Halin da ya ɗauka shi ne na tsohon soja mai igiya, mai tsawa da cika baki, amma mai tausayi idan an bi shi a hankali.

ASALINSA

An haife shi a shekarar 1942 a garin Pategi, wanda yake bakin kogin Kwara, cikin Jihar Kwara ta yanzu. Banufe ne, kuma ɗan gidan sarauta, domin mahaifinsa shi ne Etsu Usman Patako. Ya yi karatun farko a Pategi, ya wuce makarantar midil ta Ilori. Daga nan ya tafi Kaduna neman aiki.

A wannan lokaci Kaduna ita ce hedkwatar Jihar Arewa. A shekarar 1962 gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Wannan gida ya tara matasa masu basira daga ƙabilu iri-iri, kuma Usman ya sami aiki a cikinsa. A nan ya fara sanin yadda ake shirya wasa don masu sauraro.

Yaƙin basasa ya ɓarke a shekarar 1967, aka yi ta kiran samari su shiga soja. Usman ya amsa kira. Ya yi aiki a sashen sadarwa na rundunar soja, bai tuɓe kaki ba sai a shekarar 1985. Bayan haka ya koma gidan rediyon tarayya na Kaduna. Ke nan sojan da jama'a suka gani a wasa, ba labarin bariki aka ba shi ba. Ya zauna a ciki, ya ga komai da idonsa.

MA'ANAR SAMANJA

Kalmar samanja muƙami ce a aikin soja, kuma daga Turanci Hausawa suka aro ta. Wanda ya shiga soja sabo, kurtu ne. In ya gama horo ya zama farabiti. Daga nan sai ya hau zuwa kofur, sai saje, har ya kai samanja. Sama da su akwai hafsoshi, irin su laftana da kyaftin da manjo da kanar.

Samanja yana tsakiya ne. Hafsoshi su ba shi umurni, shi kuma ya tabbatar ƙananan sojoji sun bi. Shi ke kula da fareti, da tsabta, da ladabi. Rigimar bariki kuwa, ko ta mata ce a bakin famfo, ko ta bashi, sau da yawa a gabansa take fara sauka. Saboda haka mai wannan muƙami ba ya rasa labari. A gaban kurtu zaki ne, a gaban kyaftin kuwa sai ƙamewa da sara hannu. Wannan juyi shi ne abin da ya fi ba mutane dariya a wasan.

HAUSAR BARIKI

Tun zamanin Turawa, Hausa ce harshen da sojoji na ƙabilu daban-daban suke magana da shi a tsakaninsu. Daga nan aka sami irin Hausar da ake kira Barikanci. Ba ta kula da namiji ko mace a magana, kuma tana cakuɗe da Turanci. Samanja ya ɗauki wannan harshe ya mai da shi jarinsa. Yakan fara magana da Hausa, ya faɗa cikin Turancin buroka, ya dawo Hausa, duk a numfashi guda.

Wasan ya fara ne a Kaduna cikin shekarun 1970, ana jin sa a rediyo, ana kuma kallonsa a talabijin. Da ya karɓu, a shekarun 1980 aka riƙa nuna shi a tashoshin NTA na ƙasa baki ɗaya. A lokacin sai aka ƙara yawan buroka a ciki, don mutanen Kudu su ma su fahimta.

AMFANIN WASAN GA ƘASA

Kafin yaƙi, sojojin Nijeriya ba su wuce kimanin 10,000 ba. Da aka gama yaƙi a shekarar 1970 sun kai kimanin 250,000. Bariki ya yi musu kaɗan, da yawa suka zauna cikin gari tare da farar hula. Ga shi kuma soja ne ke mulki. Talaka yana tsoron mai kaki, wani lokaci kuma akan sami saɓani a kasuwa ko a tasha.

A irin wannan hali ne wasan Samanja ya fito. Ya nuna wa jama'a cewa soja ma mutum ne. Yana da iyali, albashinsa yakan ƙare kafin ƙarshen wata, kuma shi ma akwai wanda yake tsoro. Ya kuma nuna wa sojan cewa ana ganin halinsa, mai kyau da maras kyau. Abin da ba mai iya faɗa wa soja a fuska, an faɗe shi cikin raha. Da ma Hausawa sun ce, da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya.

REDIYO DABAN, TALABIJIN DABAN, FIM DABAN

Ba kowane ɗan wasa ke iya aiki a wurare ukun nan ba, domin kowanne da buƙatarsa. A rediyo murya ce kaɗai. Dole mai sauraro ya gane fushi da tsoro da tsufa daga murya. Ƙarar takalmi da bugun ƙofa ma ƙirƙirarsu ake yi a ɗakin ɗaukar magana. A talabijin kuwa jiki ma yana magana. Tsayuwa, da zare ido, da yadda aka sa hula, duk suna cikin wasa. A fim kuma gutsure-gutsure ake ɗauka. Ana iya ɗaukar ƙarshen labari kafin farkonsa, a maimaita fitowa ɗaya sau da yawa. Ɗan wasan da bai riƙe halin da aka ba shi sosai ba, sai ya ɓace a hanya.

Samanja ya fi ƙarfi a rediyo da talabijin. Cikin tsararrakinsa akwai waɗanda sunansu ya kai nesa ta wasu hanyoyi. Marigayi Kasimu Yero, wanda ya rasu a shekarar 2017, ya yi suna a wasan Karambana, ya kuma fito a Cock Crow at Dawn, wasan Turanci da aka shirya a Jos don ƙarfafa noma. A wannan wasa ne marigayi Sadiq Daba ya fito da sunan Bitrus. Shi Sadiq Daba, bayan shekaru masu yawa yana aikin watsa labarai, ya fito sufeton 'yan sanda a fim ɗin October 1 na shekarar 2014. Wannan fitowa ta sa ya ci lambar gwarzon ɗan wasa na Afirka a shekarar 2015. Ya rasu a shekarar 2021.

Da finafinan bidiyo na Hausa suka kunno kai a Kano, tun daga Turmin Danya a shekarar 1990, sun tarar da hanya a share. Masu barkwanci irin su marigayi Rabilu Musa Ibro sun bi wannan tsari na riƙe hali guda, har sunan wasa ya zama shi ne sunan mutum.

ABIN DA YA RAGE

Yawancin dattawan da suka kafa wannan sana'a sun riga mu gidan gaskiya. Yaran da suka taso da wayar hannu ba su san su ba. Wasanninsu kuwa a kan tsofaffin faya-fayai aka ɗauke su, kuma faifai ba ya jure zafi da ƙura da damshi. Wanda ya lalace ya tafi ke nan har abada. Ya kamata gidajen rediyo da talabijin su kwafe abin da ya rage zuwa na'urorin zamani, su riƙa maimaita shi. Waɗanda suke raye cikin tsofaffin 'yan wasa kuma a kula da lafiyarsu tun suna iya cewa an gode.

Allah ya jiƙan Samanja Mazan Fama da sauran magabata, ya sa sun huta. Amin.