Dangin karfasa a akwatin gilashi: mafaɗatan da taro ke sanyaya su

Karfasar da ake soyawa a bakin kasuwa tana da dangi masu ado irin na ban mamaki, waɗanda masana ke kira siklid. Tafkin Malawi kaɗai na ɗauke da ɗaruruwan nau'o'insu, akwai wasu a tafkunan Tanganyika da Biktoriya, wasu kuma can kogin Amazon. Masu kiwon kifin ado sun san su da abu guda: faɗa.

Amma ga abin da ya fi ɗaure kai. Mbuna, mazauna duwatsun Tafkin Malawi, in ka zuba uku ko huɗu a akwati, babban namijin zai zaɓi guda ya yi ta korarsa dare da rana, har wanda ake kora ya maƙale a lungun sama, wutsiya a yage, ya daina cin abinci. Zuba ashirin kuwa, sai rigimar ta lafa. Mafaɗacin na bin wannan sai wancan ya gitta, ya bar na farko ya bi na biyu, a ƙarshe babu wanda ya sha duka shi kaɗai. Shi ya sa ƙwararru ke cika akwatin da gangan, su biya farashin da yawan canjin ruwa da injin tacewa mai ƙarfi. Tropheus na Tanganyika ma haka yake, ba a son a sayo ƙasa da goma sha biyu. A ganina duk mai sayar wa sabon shiga da guda biyu kacal ya cuci kifin, ya cuci mai saye.

Cyprichromis kuwa ɗan garke ne na gaske. A Tanganyika dubbansu ke yawo tare a tsakiyar ruwa, kuma ko wurin haihuwa ba sa neman dutse ko yashi. Macen tana sakin ƙwai a sarari, ta juya ta cafe shi da baki kafin ya nutse. A bakin za ta riƙe shi makonni.

Ƙanana ne ƙwarai, amma Neolamprologus multifasciatus unguwa guda suke kafawa cikin katantanwa, kowa da tasa, suna kwashe yashi da baki suna tofarwa a ƙofar maƙwabci. Ɗan'uwansu Neolamprologus pulcher ya fi su zumunci: yayye ba sa barin gida da wuri, suna tsayawa su taya iyaye gadin ƙwai da ƙanne.

Discus na Amazon, 'ya'yansa yauƙin jikin iyayensu suke ci a kwanakin farko, uwa da uba suna karɓa-karɓa.

Akwai kuma dabarar da na fi so. Siklid mai kunya, wanda ya ƙi fitowa daga ramin dutse, sai a zuba masa garken ƙananan kifaye irin su tetra. Ganin suna yawo hankali kwance a sama ya ishe shi shaidar cewa babu tsuntsu ko babban kifi a kusa, sai ya fito ya ci abinci.

Haihuwar siklid kuwa takan jawo ɗan damfara. Wani ɗan'uwan ƙurungu a Tanganyika, Synodontis multipunctatus, yakan kutso lokacin da siklid ke zuba ƙwai ya cusa nasa ciki. Macen ta kwashe duka a baki, 'ya'yan baƙon su riga ƙyanƙyashewa, su cinye nata tun suna cikin bakin.