BABI NA UKU: SHIRIN SHIGA JAMI'A TUN DAGA AJI HUƊU NA SAKANDARE

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an kawo tarihin makarantun sakandare a Nijeriya da irin sauye-sauyen da aka yi musu. A wannan babi kuwa za a dubi yadda ɗalibi da iyayensa suke shirya wa neman gurbin karatu a jami'a, da kuma lokacin da ya kamata a soma wannan shiri. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya, amma idan aka lura da yadda abin yake gudana a gidaje da yawa, za a tarar ba a tayar da zancen jami'a sai yaro ya shiga aji shida an fara sayar da fom. Abin da wannan babi zai yi ƙoƙarin nunawa shi ne, a lokacin da ake wannan fafutuka, an riga an yanke mafi yawan hukuncin tun shekara biyu da wani abu da suka wuce, wato ranar da yaro ya zaɓi darussansa a aji huɗu.

3.1 Ƙofofin da Ɗalibi Zai Bi

Kafin shekarar 1978 kowace jami'a ita take ɗaukar ɗalibanta da kanta. A wannan shekara ce gwamnatin soja ta kafa hukumar JAMB domin ta haɗe jarrabawar shiga jami'o'i wuri guda. A 1989 aka ƙara mata nauyin kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha, sannan a 2010 aka dunƙule jarrabawoyin suka zama guda ɗaya, wadda ake kira UTME. Daga 2015 an daina rubuta ta a takarda, sai a kwamfuta. Darussa huɗu ake zaunawa, Turanci dole ne a cikinsu, kuma jimillar makin 400 ne.

Sai dai JAMB ƙofa ɗaya ce kawai daga cikin uku. Ta biyu ita ce jarrabawar kammala sakandare, ta WAEC ko NECO ko NABTEB, inda ake neman kiredit biyar, wato daga A1 zuwa C6, a darussan da suka dace da fannin da ake nema, kuma ba a zama fiye da biyu ba. Ta uku ita ce tantancewar da jami'a take yi da kanta bayan JAMB, wadda aka fara a 2005, aka soke a 2016, aka dawo da ita a 2017. Duk wanda ya faɗi a ɗaya daga cikin ukun nan, nasarar da ya samu a sauran biyun ba za ta shigar da shi ba.

3.2 Zaɓen Darussa a Aji Huɗu

Tsarin 6-3-3-4, wanda aka fara aiki da shi a farkon shekarun 1980, shi ya raba sakandare gida biyu. Bayan yaro ya gama ƙaramar sakandare sai a ware shi zuwa ajin kimiyya, ko na adabi da zamantakewa, ko na kasuwanci, ko na sana'a. Yaron da ake yi wa wannan rabo yawanci bai wuce shekara goma sha huɗu ko sha biyar ba, kuma sau da yawa abin da yake dubawa bai wuce inda abokansa suka nufa ba, ko kuma gudun wani malami mai bulala.

Muhimmancin wannan rana yana fitowa ne idan aka dubi ƙa'idojin fannoni. Mai neman karatun likita zai zauna Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks a JAMB, kuma jami'o'i da dama ba sa karɓar kiredit ɗinsa sai in a zama ɗaya ya same su. Mai neman injiniya zai zauna Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Mai neman lauya kuwa ana bukatar ya sami kiredit a Adabin Turanci, wanda darasi ne dabam da Turancin da kowa yake yi. A nan ne ɗalibai da yawa suke tuntuɓe. A ɗauka yarinya ce mai ƙoƙari, ta shiga ajin adabi da burin zama lauya, amma makarantarsu ba ta da malamin Adabin Turanci, sai aka cike mata gurbin da wani darasi. Za ta iya fitowa da kiredit takwas masu kyau, ta ci JAMB da maki mai yawa, amma ranar tantancewa a ce mata takardunta ba su cika ba. Laifin ba na ƙwaƙwalwarta ba ne, kuma ba a aji shida aka yi kuskuren ba. Gyaransa shi ne ta sake zama jarrabawar 'yan waje, ta ci shekara guda a gida, in ma an bar ta ta ci gaba da jira ke nan.

Haka abin yake ga yaron da ya ajiye Fiziks saboda tsoron lissafinsa, daga baya ya ce injiniya yake so. Komawa daga kimiyya zuwa wasu fannonin zamantakewa yakan yiwu, amma komawa daga adabi zuwa kimiyya a aji shida abu ne mai kamar wuya, domin karatun shekara uku ne da aikin ɗakin gwaje-gwaje ake bin sa bashi. Wannan ne ya sa wasu iyaye suke tura kowane yaro ajin kimiyya ko yana iyawa ko ba ya iyawa, suna ganin nan ne ƙofa ta fi faɗi. Wannan ma kuskure ne, don kuwa yaron da zai yi zarra a Tarihi ko Tattalin Arziki sai ya ƙare da D7 a Kemistiri, ya rasa nan ya rasa can.

Jihar Kano ta gane muhimmancin wannan mataki tun da wuri. A 1977 ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, inda ake zaɓen yara ta hanyar jarrabawa a ware su domin karatun kimiyya shekaru kafin su nemi jami'a. Likitoci da injiniyoyi masu yawa na Kano da Jigawa daga nan suka fito.

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a sanya malaman ba da shawara a makarantun gaba da firamare saboda irin wannan matsala. Amma a makarantu da yawa, musamman na karkara, ko dai babu malamin, ko kuwa an ɗora masa koyar da wani darasi har ba shi da sukunin zama da yara. Saboda haka nauyin ya koma kan gida. Inda uba ko uwa suka yi boko mai zurfi, abin yakan zo da sauƙi. Inda ba su yi ba, sai a bar wa wani yaya ko kawu, ko ma mai shagon kwamfutar da ake cike fom, alhali hukumar JAMB tana fitar da kundin da ya jera darussan da kowane fanni yake bukata a kowace jami'a, kuma ba abin da zai hana a karanta shi tun yaro yana aji uku.

3.3 Zaɓen Jami'a

A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi uku: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga 'yan jihohin da aka keɓe wa jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka lasafta a matsayin waɗanda suke baya a ilimin boko, kuma yawancin jihohin Arewa suna cikin wannan rukuni. Ma'anar wannan ita ce, maki ɗaya zai iya shigar da yaro wata jami'a ya kasa shigar da shi wata. Ɗan Katsina da ya nemi Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya yana da dama ta fuskoki uku, amma in ya nemi jami'ar da jiharsa ba ta cikin yankinta, ya rage wa kansa ɗaya.

Bugu da ƙari, ƙaramin makin da ake sanarwa bayan taron JAMB da shugabannin makarantu a kowace shekara yakan ruɗi iyaye. Wannan maki izinin shiga takara ne kawai, ba gurbi ba ne. Fannoni irin su likita da lauya da harhaɗa magunguna suna neman abin da ya zarce shi nesa. A 2025 kusan ɗalibai miliyan biyu ne suka zauna jarrabawar, kuma a sakamakon farko da aka fitar fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 ba. Sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne, in ta wuce sai a sake, saɓanin na WAEC da NECO da ba ya tsufa.

3.4 Takardu, Shekaru da Kuɗi

Tun 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, kuma daga can ake ɗauko sunan ɗalibi da ranar haihuwarsa. Wannan ya tono wata tsohuwar matsala a ƙasar Hausa, inda yaro zai kasance Muhammadu a firamare, Mamman a gida, Muhammad Sani a takardar WAEC, wani lokaci da sunan gari a madadin na uba. In sunayen suka saɓa, gyaransu yana cin kuɗi da watanni, kuma yakan biyo mutum har lokacin bautar ƙasa. Aikin yini ɗaya ne a daidaita su tun a aji huɗu. Game da shekaru, a 2024 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta sanar da 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a, amma kafin ƙarshen shekarar aka mayar da shi 16. Iyayen da suke tsallakar da 'ya'yansu aji ya kamata su yi wannan lissafi.

Kuɗin jarrabawoyin ma a jere suke zuwa, cikin 'yan watanni: na WAEC, na JAMB, na NECO, sannan na tantancewa da na mota zuwa garin da jami'ar take. Ga magidanci manomi wannan yana faɗowa ne a bazara da farkon damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma ana neman kuɗin taki. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, yana taimakon wanda ya riga ya sami gurbi ne, bai shafi kuɗin jarrabawa ba.

Wanda bai samu shiga ta UTME ba yana da hanyar shiga kai tsaye zuwa aji biyu na jami'a, ta shirin IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello take kula da shi, ko da takardar NCE, ko difloma. Ko a nan ɗin ma sai an nemi kiredit biyar ɗin nan a darussan da suka dace da fannin.