Shinge Mai Rai: Ina Za a Samo Irin Itatuwansa?

Duk wanda ya taɓa yin lambu a Birnin Kebbi ya san cewa akuya guda tana iya shafe aikin wata uku a yini ɗaya. A unguwar Gesse, inda gidaje da makarantu ke ƙara yaɗuwa tun bayan ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, mai hali yakan gina katanga, wanda ba shi da hali kuwa sai ya saro ƙaya daga daji ya kewaye wurinsa. Ita ƙayar ba ta daɗewa, gara da iska kan cinye ta, a sake komawa daji da gatari. A fadamun gulbin Rima har zuwa Argungu al'amarin ya fi haka nauyi, domin ɓarnar da dabbobi ke yi wa lambunan rani takan zama mafarin rigima tsakanin manomi da makiyayi.

Maganin da kakanni suka sani shi ne shinge mai rai, wato jerin itatuwa da ake shukawa kusa da kusa har su sarƙe. Wanda ya fi inganci shi ne na gauraye, domin kowane icce da aikinsa. Magarya da sarƙaƙiya suna toshe hanya da ƙaya, aguwa tana cike ƙasa inda awaki ke kutsawa, bagaruwa kuwa tana ba shingen tsayi, saiwoyinta kuma suna ɗauke da ƙwayoyin halitta masu ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin. Idan ƙwaro ko cuta ta kama iri ɗaya, sauran sukan tsaya.

Matsalar ita ce samun irin. Wanda ya je gandun renon itatuwa galibi abin da zai tarar shi ne darbejiya da turare da mangwaro. Dukkansu baƙi ne: darbejiya da mangwaro daga yankin Indiya suka fito, turare daga Ostireliya. Har cini-da-zugu, da mutane da yawa ke ɗauka ɗan gida ne, asalinsa Amurka ta Tsakiya. Ba a raina amfanin baƙin ba, darbejiya ce ƙashin bayan layukan tare iska da aka fara shukawa a kwarin Majiya na Jamhuriyar Nijar a 1975. Amma tare iska daban, tare akuya daban, darbejiya kuwa ba ta da ƙaya, kuma da ta girma sai gindinta ya zama fili.

Saboda haka mai son shinge na itatuwan gida tilas ya zama mai tara iri da kansa, kuma aikin da hunturu yake farawa, lokacin da 'ya'yan magarya da na bagaruwa ke nuna. A nan akwai ƙa'idar da aka fi yawan karyawa. Mutum yakan tsaya gindin icce ɗaya mai yawan 'ya'ya ya cika buhu, ya tafi yana murna. To, dukan tsiron da zai fito 'yan uwa ɗaya ne, rauninsu ɗaya, abin da ya kashe ɗaya yana iya kashe saura. Masana gandun daji suna son a ɗebi kaɗan kaɗan daga iyaye 20 ko fiye, masu lafiya, waɗanda ke nesa da juna. Sa'an nan a lura da inda uwar ta tsiro. Icen da ya rayu shekaru a kan jigawar Kebbi ya riga ya saba da gajeriyar daminarta ta Yuni zuwa Satumba, abin da ba a da tabbacinsa ga irin da aka kwaso daga kudu. Bagaruwar kasuwa, wadda majema ke saye don jima, tana da wannan aibi, ga shi kuma wani lokaci tun tana ɗanya ake tsinke ta.

Ƙwayar bagaruwa tana da ɓawo mai tauri wanda ruwa ba ya ratsawa, shi ya sa takan daɗe a ƙasa ba ta tsira ba. Ana karya wannan barci ta hanyar zuba mata tafasasshen ruwa da aka sauke daga wuta, a bar ta ta kwana a ciki. Akwai ma hanya mafi sauƙi: ƙwayar da ta bi ta cikin akuya ta fito a kashi ta riga ta yi laushi, don haka turken awakin da suka ci bagaruwa rumbun iri ne. Abin mamaki, maɓarnaciyar shingen ita ce mai shirya irinsa. Ita magarya sai an fasa ƙwallonta a hankali an ciro ƙwayar. Ana shuka su a ledar reno wajen watan Afrilu, a dasa a Yuli idan ruwa ya zauna, layi biyu a karkace, da tazarar kamar rabin mita.

Aguwa, wadda Kanawa ke kira ayyara, ba ta buƙatar duk wannan. Reshe ake yankowa daga tsohon shinge, da izinin mai shi, a bar shi kwanaki a inuwa har ƙaron ya bushe, a kafa shi gab da faɗuwar damina. Haka ake yi wa dashi. Sai dai a kiyaye ido, domin farin ruwan aguwa yana da zafi ƙwarai. Kuma ita 'yar tudu ce, a fadamar da ruwa ke kwanciya ruɓewa take yi. A can bagaruwa ce gwana, tana jure ambaliya na makonni.

Jihar Kebbi tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, kuma irin wannan shiri ba ya tafiya sai da iri na gida mai asali sananne. Makarantar sakandare tana iya somawa da ɗan abu: kowane ɗalibi ya kawo tafin hannu guda na iri daga ƙauyensu bayan hutun Disamba, a rubuta sunan iccen da wurin da ranar ɗiba a jikin ambulan. Daga nan malamin ilmin halitta ya sami gwaji a hannu, wato a shuka ƙwaya 100 da aka jiƙa da ruwan zafi, da 100 da aka tsinto a turke, da 100 da ba a taɓa ba, a ƙirga masu tsira kowace safiya har mako uku.