Siyasa a cikin aji: ina iyakar mushe, ina haƙƙin iyaye?

A Arlit da Akokan ba a raba lakwal da zancen yuraniyom, domin haƙarsa ce ta haifi garuruwan. Mahaƙar SOMAIR ta fara aiki a 1971, ta COMINAK a Akokan ta biyo baya a 1978, ta rufe ranar 31 ga Maris 2021. Yara da yawa da ke kan benci, ko uba na hawa motar kamfani da asuba, ko yana zaune gida tun da aka rufe ramin Akokan. Saboda haka da gwamnati ta ƙwace lasisin haƙar yuraniyom na Imouraren daga hannun kamfanin Orano a Yunin 2024, ta kuma sanar da mayar da SOMAIR mallakar ƙasa a Yunin 2025, dole yara su tambayi mushe. In ya yi gum, ya ƙware su. In kuma ya ajiye alli ya shiga yi wa wani kirari ko zagin wani, ya ci amanar iyayen da suka danƙa masa ƴaƴansu. Aikinsa shi ne ya nuna Imouraren a taswira, ya fayyace ma'anar lasisi da hannun jari, ya faɗa cewa Orano ta riƙe kusan kashi 63 cikin ɗari na SOMAIR, saura na kamfanin gwamnati SOPAMIN, ya kawo hujjar kowane ɓangare, sannan ya bar yaro ya auna.

Wani zai ce ai an rusa jam'iyyu a Maris 2025, to wace siyasa ta rage? Siyasa ba ta buƙatar katin jam'iyya. Baƙon da aka kawo aji ya yi jawabi, da ranar da aka tsayar da darasi aka jera yara cikin rana suna tafi, duk ita ce. Wanda ya tuna ɗaliban da aka kashe a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairu 1990 ya san ɗalibin Nijar bai taɓa yin nisa da ita ba.

A Amurka, da Barack Obama zai yi wa ƴan makaranta jawabi a Satumbar 2009, makarantu da dama sun ba iyaye damar janye ƴaƴansu. Wannan dabara ba za ta yi mana cikakken amfani ba. Yaron da aka fitar daga aji a nan, ina zai zauna, wa zai kula da shi? Ga shi gari ne da kowa ya san kowa, kafin la'asar an laƙaba wa gidansu suna. Darasin tarihi da na zama ɗan ƙasa nagari kuwa na kowa ne, uba bai da hujjar hana ɗansa. Inda yake da cikakken iko shi ne taro da gangami, da duk jawabin da ba ya cikin manhaja. Can sai an sanar da shi tukuna, kuma in ya ƙi, kada a rage wa ɗansa maki ko a kunyata shi a gaban aji.

Hanyar tana nan: ƙungiyar iyayen yara da kwamitin gudanarwa (CGDES) na kowace makaranta. Iyaye, ku halarci zamansu, ku nemi darakta ya rubuta wannan ƙa'ida a manna ta a ƙofar lakwal tun farkon shekarar karatu.