Kafin A Ɗauki Hoto: Yadda Likita Ke Gane Targaɗe Da Karaya

Yau maganarmu a kan raunin ƙashi da gaɓa da tsoka ce, da hanyar da likita ya ke bi har ya gane abin da ya ɓaci a cikin jiki, alhali kuwa bai tsaga fata ya leƙa ba.

Bari mu fara da misali. Ga wani saurayi, a ce a zangon Kumasi ya ke, ko a wata unguwa ta Landan, yana wasan ƙwallo da la'asar. Ya yi tsalle, da ya sauko sai ƙafarsa ta dama ta gurɗe, tafin ya juya ciki. Kafin magariba idon sawu ya kumbura suntum. Abokansa suka kai shi asibiti, ba abin da ke bakinsa sai a ɗauki hoto. Amma likita bai aika shi ɗakin hoto ba. Sai ya jawo kujera ya zauna, ya shiga tambaya. Saurayi ya ga kamar ana ɓata masa lokaci ne, bai sani ba aikin ke nan aka soma.

Kafin mu ji tambayoyin, akwai wata kalma da ya kamata mu warware. Mu Hausawa da mun ce jijiya, abu huɗu mu ke nufi. Akwai jijiyar jini. Akwai wadda ta ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki. Akwai wadda ta ke liƙa tsoka da ƙashi, watau agara. Akwai kuma wadda ta ke ɗaure ƙashi da ƙashi a gaɓa, kamar yadda a ke ɗaure itacen rumfa da igiya, ita za mu kira jijiyar gaɓa. In jijiyar gaɓa ta miƙe fiye da kima, ko ta yage, shi ne targaɗe.

To, me likita ya ke tambaya? Da fari, yaya aka yi, ina kuma ƙafar ta juya? Gama kowace faɗuwa da irin ɓarnarta. Ƙafar da ta juya ciki, jijiyoyin gaɓa na gefen waje ta kan ja. Guda uku ne, ta gaban ce ta fi rauni, ita ce kuma ta kan fara yagewa. Sa'an nan ya tambaya, ka ji wata ƙara? Ka iya takawa nan take? Yaushe kumburi ya taso? Wannan ta ƙarshen tana da muhimmanci ƙwarai, musamman a gwiwa. Gwiwar da ta cika cikin sa'a ɗaya ko biyu, galibi jini ne ya zuba a cikinta, alamar wani abu babba ya tsinke ko ya tsage. Wadda ba ta kumbura ba sai wanshekare, sau da yawa ruwan gaɓa ne kurum ya taru. Wani mutum kuma ya kan zo ya rantse an harbe shi da ƙafa ta baya yana cikin gudu, ya waiwaya bai ga kowa ba. Likitan da ya san aikinsa, da jin haka hankalinsa ya tafi kan babbar agarar da ke bisa dunduniya.

Akwai tambayoyin da a ke yi don a tabbata rauni ne ma tukuna. Tsohuwar da ta zame a tsakar ɗaki, wuyan hannunta ya karye, tilas a bincika dalilin da ƙashinta ya yi rashin ƙwari haka. Ciwon da ya zo ba faɗuwa ba bugu, yana hana barci da dare, ga zazzaɓi ko rama, wannan ba targaɗe ba ne, wata cuta ce a ke nema. Yaro kuma ya kan yi ta kukan gwiwa, a duba gwiwa lafiya lau, ashe ciwon a gaɓar ƙugu ya ke.

Bayan kunne sai ido da hannu. Wani likitan ƙashi na Ingila, Alan Apley, wanda littafinsa ya fito a 1959, ya taƙaita wa ɗalibansa aikin cikin kalmomi uku: duba, taɓa, motsa. Dubawa tun daga bakin ƙofa ta ke farawa, da yadda mutum ya ke ɗingishi. Sai a tuɓe takalma duka biyu, domin lafiyayyar ƙafa ita ce ma'aunin mai ciwon. A duba kumburi, a duba karkata, a duba ko fata ta fashe. Jinin da ya kwanta ƙarƙashin fata ba abin dogara ba ne sosai. Ya kan gangara ƙasa ya bayyana nesa da inda ɓarnar ta ke, a baƙar fata irin tamu kuma ba ya nunawa da wuri. Wajen taɓawa, likita ya kan ce wa mutum ya nuna wurin da yatsa ɗaya. Shi kuwa sai ya fara dannawa daga nesa, yana matsowa sannu sannu, yana lura ko a kan ƙashi zafin ya ke ko a kan nama.

Motsawa ita ce ta fi ban sha'awa, a ganina. Likita James Cyriax na asibitin St Thomas a Landan ya tsara ta hawa uku. Da fari mai ciwo ya motsa gaɓar da kansa. Na biyu ya saki jiki, likita ya motsa masa. Na uku likita ya riƙe gaɓar kam, ya ce masa ya tura da ƙarfi, ba tare da gaɓar ta gusa ba. Ga hikimar abin. Tsoka da agara su ke ja, jijiyar gaɓa kuwa ba ta ja, sai dai a miƙa ta. Saboda haka in gaɓa tana tsaye cik, mutum ya yunƙura ya ji zafi, laifin na tsoka ne ko agara. In kuwa sai an lanƙwasa masa ita har iyaka ya ke jin zafin, to, a nemi laifin a gaɓar kanta. In ya tura da ƙarfi amma da zafi, ɓarnar kaɗan ce. In ba ƙarfi, ba kuma zafi, kada a yi murna: mai yiwuwa abin ya tsinke gaba ɗaya, ko jijiyar saƙo ta taɓu. Wannan ƙa'ida ba kullum ta ke faɗawa daidai ba, amma har yau da ita a ke fara koya wa masu gashin ƙashi da masu kula da 'yan wasa.

Ga wani gwaji mai sauƙi, wanda likita Simmonds na Ingila ya bayyana a 1957, don mutumin nan da ya ce an harbe shi ta baya. A kwantar da shi rub da ciki, ƙafafunsa na lilo a bakin gado, a matse sha-raɓarsa da hannu. In agara tana nan lafiya, tafin ƙafa zai motsa ƙasa da kansa. In ta tsinke, ko gezau. Amfanin gwajin shi ne, mai tsinkakkiyar agara yana iya tafiya da ɗingishi, har ya motsa ƙafar, don akwai waɗansu ƙananan agara da ke taimakawa. Wannan ya kawo mu ga maganar da a kan ji a bakin jama'a, wai in dai mutum yana iya motsa wurin, ba karaya ba ce. Ba gaskiya ba ne. Mutane da yawa sun yi kwanaki suna takawa a kan tsagaggen ƙashi.

To, yaushe ne hoto ya wajaba? Tun da Wilhelm Rontgen ya gano hasken da ke ratsa nama ya nuna ƙashi, a Jamus cikin 1895, likitoci suka saba da aika kusan duk mai ciwon idon sawu ɗakin hoto. Da aka zo aka ƙirga, sai aka ga cikin mutum 100 ba a samun 15 masu karaya. Sai likita Ian Stiell da abokan aikinsa a birnin Otawa na Kanada suka fitar da wata ƙa'ida a 1992. Suka ce a danna gefen baya na ƙasusuwan nan biyu da suka fito a idon sawu, ciki da waje, daga ƙarshensu zuwa santimita 6 sama, watau inci biyu da 'yan kai. A danna gindin ƙashin da ya nufi ƙaramin yatsa, a gefen ƙafa na waje, da wani ɗan ƙashi a gefen ciki, bisa kwarin tafin sawu. Sa'an nan a ga ko mutum ya iya yin taku huɗu, ko da ɗingishi ne, lokacin da abin ya faru da kuma a gaban likita. In akwai zafi a ɗayan wuraren nan, ko ya kasa takun, a ɗauki hoto. In babu, da wuya ƙwarai a sami karayar da za ta dami mutum. An gwada ƙa'idar a ƙasashe da yawa, ta rage ɗaukar hoto da wajen kashi ɗaya cikin uku. Ga wanda daga aljihunsa zai biya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma fa ba ta aiki ga mai maye, ko wanda ciwon sukari ya kashe masa jin ƙafa.

Shi hoton ma yana da iyakarsa. Akwai wani ɗan ƙashi a wuyan hannu, ƙarƙashin ramin da ke gindin babban yatsa, wanda ya kan tsage in mutum ya faɗi ya dafa ƙasa. Sau da yawa hoton ranar farko ba ya nuna kome. In an danna ramin nan akwai zafi, likita ya kan ɗaure hannun kamar karaya ce, a sake dubawa bayan kwana 10 zuwa 14, gama jinin da ke ciyar da ƙashin kaɗan ne, in an yi sakaci sashensa ya kan mutu. Na'urar maganaɗisu kuwa, wadda a ke kira MRI, matsalarta ita ce yawan gani. A 2008 aka buga wani bincike da aka yi a garin Framingham na Amurka, inda aka ɗauki hoton gwiwar mutum 991 masu shekara 50 zuwa 90. Cikin waɗanda aka ga guringuntsin gwiwarsu ya yage, kashi 61 bisa 100 ba su ji wani ciwo ba a watan da ya gabata. Ke nan abin da aka gani a hoto ba lalle shi ke damun mutum ba, sai an haɗa da abin da ya faɗa da abin da hannu ya ji.

Saura abu guda, shi ne mafi hatsari. Kowane irin rauni ne, likita ba ya sallamar mutum sai ya taɓa yatsunsa, ya ji ko da ɗumi, ko jini na bugawa, ko suna ji, ko suna motsi. Tun 1881 likita Richard von Volkmann na Jamus ya nuna cewa ɗauri mai tsanani ya kan hana tsoka jini har ta mutu, hannu ya ƙanƙance ya zama kamar ƙafar shaho. Yawancinmu mun san maɗori, akwai kuma masu gwanintar hannu a cikinsu. Amma gaɓar da ta ji rauni ta kan ci gaba da kumbura kwana biyu ko uku, karan ɗori kuwa ba ya buɗewa, haka ma filastar asibiti in ta matse. In zogi yana ƙaruwa bayan ɗauri, magani ba ya kwantar da shi, in an miƙa yatsun mutum ya yi ihu, ko suka yi sanyi suka dena ji, a sassauta ɗaurin nan take, a nufi asibiti ko da tsakar dare ne. Cikin sa'a 6 tsoka tana iya fara mutuwa.

Saurayinmu dai ya yi taku huɗu yana cije baki, an danna ƙasusuwan bai ji kome ba, sai a ɗan kwarin da ke gaban idon sawu na waje. Likita ya ce targaɗe ne. Ya naɗa masa bandeji, ya ce ya riƙa ɗaga ƙafar bisa matashi, ya sa ƙanƙara a tsumma ya ɗora, ya fara takawa gwargwadon yadda zafi ya bari. Ya ce kuma ya komo bayan kwana huɗu ko biyar, gama sa'ad da kumburi ya sabe ne hannu ya fi iya gane ko jijiyar miƙewa ta yi ko ta tsinke.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ji yadda karyayyen ƙashi ya ke haɗe kansa.