Abin da Sir Eric Ashby Ya Tarar a Nijeriya

Hausawa kan ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. To, amma mu da ke aikin horon malamai mun san wani baƙo da ya zo ƙasar nan ya ga abin da 'yan gida suka saba da shi har suka bar gani. Shi ne Sir Eric Ashby, masanin ilmin tsire-tsire, wanda ya shekara tara yana shugabancin Jami'ar Belfast.

A cikin 1959 Gwamnatin Tarayya ta naɗa shi shugaban wani kwamiti, don a duba irin ilmin gaba da sakandare da Nijeriya za ta bukata cikin shekara 20 masu zuwa. Su tara ne, uku Ingilishi, uku Amurkawa, uku 'yan ƙasa, cikinsu har da Shettima Kashim Ibrahim da Dokta Kenneth Dike.

Da zuwansa sai ya tarar kwalejin jami'a ɗaya ce tak a ƙasar, watau ta Ibadan wadda aka buɗe a 1948, digirinta kuwa na Jami'ar London ne. Bai raina ingancin karatunta ba. Abin da ya dame shi, kamar yadda ya yi ta rubutawa daga baya, shi ne an ciro tsarin Ingila ɗungum an dasa, ba a kula da irin ƙasar da aka dasa shi ba. Da ma mai sanin tsiro ba ya rasa lura da dashe.

Amma babban ciwon yana can ƙasa. Galibin malaman firamare ba su sami horo sosai ba, a Jihar Arewa kuwa makarantun sakandare ba su taka kara sun karya ba. Ina jami'a za ta sami ɗalibai in babu mai shirya mata su? A ganinmu nan ne kwamitin ya fi yin aiki, ko da yake ba a cika tuna shi da wannan ba.

Suka miƙa rahotonsu cikin Satumba 1960, ana gab da samun mulkin kai. Suka ba da shawara a kafa jami'a a Zariya, a kuma buɗe manyan kwalejojin horon malamai. A 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, da Babbar Kwalejin Horon Malamai ta Zariya.

Wuri ɗaya lissafinsu ya gaza. Sun yi fatan ɗaliban jami'a su kai 7,500 kafin 1970. Da shekarar ta zo, an wuce wannan adadi nesa ba kusa ba.